Mai labari ta rasu, labari bai ƙare ba: yadda aka yi da gadon Kaoru Tada a Japan

Idan aka ambaci ƙasar Japan a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, abin da ke fara zuwa a ran mutum shi ne motar Toyota, babur ɗin Yamaha da injin ban ruwa na Honda. To amma akwai wata haja da wannan ƙasa take sayarwa a gida da waje, wadda ba a zuba mata mai kuma ba a canja mata taya, ita ce labarin zane da suke kira manga. A shekarar 2024 kaɗai, cinikin manga a cikin Japan ya haura miliyar 700 na kuɗin yen, wato fiye da miliyar 2,500 na sefa, adadin da ya yi kusa da kasafin kuɗin ƙasarmu na shekara guda. A yau mun kawo wa masu karatu labarin ɗaya daga cikin matan da suka yi suna a wannan sana'a, wadda ajali ya cim ma tana tsakiyar wani labarin soyayya mai ban dariya da miliyoyin mutane ke bi wata-wata, da kuma yadda iyalinta da kamfanoni suka yi da abin da ta bari.

Labarin da ake sayarwa kashi-kashi

Kafin mu shiga maganar wannan baiwar Allah, ya kamata mu san yadda ake gudanar da sana'ar. Manga labari ne da ake bayarwa ta hanyar zane, shafi bayan shafi, an raba kowane shafi gida-gida, maganar mutanen cikin labarin kuma an rubuta ta kusa da bakinsu. Mafi yawa baƙi da fari ake buga shi, kuma daga dama ake buɗe littafin a karanta zuwa hagu, kamar dai yadda muke buɗe littafin ajami.

Ba a fitar da labarin gaba ɗaya. Da farko yakan fito ne a cikin wata mujalla mai kauri, ta takarda mai araha, wadda ke ɗauke da labarai iri-iri na mazana daban-daban. Mujallar mako-mako takan ba mai zane kamar shafi 20, ta wata-wata kuma shafi 40 ko fiye. Idan kashi-kashin suka taru, sai a haɗa su a buga ƙaramin littafi mai shafi kusan 200, a sa masa lamba: littafi na 1, na 2, na 3, har inda labarin ya kai. A nan ne mai zane yake samun kuɗi na sosai, domin bisa al'ada ana ba shi kusan kashi 10 cikin 100 na farashin kowane littafin da aka buga. Waɗanda suka saba sayen littattafan soyayya na Kano, da ke fitowa na ɗaya, na biyu, na uku, sun san zafin jiran ci gaban labari. To a Japan wannan jira yakan ɗauki shekara 10, wani lokaci ma 30.

Girman kasuwar ya wuce yadda ake zato. A 1995 mujallar Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha ta buga kwafi miliyan 6 da dubu 530 a fitowa guda. A cikin irin waɗannan mujallu akan saka ƴar takardar da mai karatu zai cika ya aika ta gidan waya, ya faɗi labarin da ya fi yi masa daɗi. Labarin da ya daɗe a ƙarshen jeri sai a datse shi, wanda jama'a ke so kuma a yi ta jan sa.

Abu na ƙarshe da ya kamata a riƙe shi ne, ko da yake mai zane yana da edita da ke ba shi shawara, yana kuma da mataimaka da ke zana masa gidaje, tituna da itatuwa a bayan hoto, labarin kansa a cikin kai guda yake zaune. Shi ne ya san inda aka dosa, shi ne ke zana fuskoki, kuma a mafi yawan lokuta haƙƙin mallakar aikin nasa ne, kamfani izinin bugawa kawai yake da shi. Wannan ya bambanta da manyan kamfanonin labarin zane na Amurka, inda jaruman labari mallakar kamfani ne, idan mai zane ya tafi a ɗauko wani. Saboda haka a Japan, ranar da mai labari ya faɗi, shago ne guda ya rufe da mabuɗinsa a aljihun mai shi.

Ɗiyar Osaka da labarinta

An haifi Kaoru Tada a 1960 a garin Neyagawa da ke yankin Osaka. Tun tana ƴar lise aka fara buga zanenta, a 1977. A farkon shekarun 1980 ta yi wani labari mai suna Ai Shite Knight, na ɗiyar wani mai gidan abinci da ta kamu da son wani mawaƙi. Kamfanin Toei ya mayar da shi fim ɗin zane mai motsi a 1983, kashi 42, aka nuna shi a Faransa da Italiya, inda Italiyawa suka so shi har suka ɗauki ƴan wasa na zahiri suka ci gaba da labarin da kansu.

A 1990 ta fara aikin da ya fi kowane yi mata suna, a mujallar ƴan mata ta wata-wata mai suna Bessatsu Margaret, ita ma ta kamfanin Shueisha. Sunan labarin Itazura na Kiss, wanda za mu iya fassarawa da sumbar tsokana.

Labarin na wata yarinya ce, Kotoko Aihara, marainiya ta wajen uwa, ɗiyar wani kuku mai gidan abinci. A makarantarsu ana jera ɗalibai aji-aji gwargwadon ƙoƙari, daga ajin A zuwa ajin F, ita kuwa tana can ajin F na ƙarshe. Shekara biyu ta yi tana son Naoki Irie a ɓoye, yaron da ya fi kowa ƙwaƙwalwa a makarantar, kyakkyawa, mai girman kai, wanda bai cika kula kowa ba. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta miƙa masa wasiƙa, ko karɓa bai yi ba, ya kunyata ta a gaban jama'a. Ba a jima ba sai aka yi wata ƴar ƙaramar girgizar ƙasa wadda ba ta taɓa gidan kowa ba, sai sabon gidan su Kotoko da ya rushe ƙasa. Wani tsohon abokin mahaifinta ya ce su komo gidansa kafin su gyara nasu. Da suka isa da kayansu, ashe abokin nan shi ne mahaifin Naoki.

Daga nan barkwanci ya tashi. Uwar Naoki, wadda ta daɗe tana kwaɗayin ɗiya mace amma ta samu maza biyu, ta ɗauki Kotoko kamar ita ta haife ta, ta shiga ƙulle-ƙullen yadda za ta haɗa su aure. Ƙanen Naoki ya tsani baƙuwar. Can gefe kuma ga Kinnosuke, wani ɗan ajin F mai son Kotoko kamar ransa, wanda har ya shiga koyon girki wurin mahaifinta don ya zauna kusa da ita. Kotoko ba ta iya girki ba, ba ta iya lissafi ba, duk abin da ta taɓa sai ya ɓaci, amma ba ta san gajiya ba kuma ba ta san ja da baya ba.

Abin da ya bambanta wannan labari da sauran ire-irensa shi ne bai tsaya ranar ɗaurin aure ba. Yawancin labaran soyayya da an kai amarya sai a ce tamat. Kaoru Tada kuwa ta aurar da su tun wajen tsakiyar labarin, suna jami'a, sannan ta bi su cikin gidan aure: kishi, rashin fahimta, zama da iyayen miji, da nisan da aiki ya jawo lokacin da Naoki ya tafi birnin Kobe. Naoki ya bar kamfanin kayan wasan yara na mahaifinsa ya zama likita, Kotoko kuma ta sha wahalar karatu har ta zama malamar asibiti don ta yi aiki kusa da shi. Ƴan matan da suka fara karanta labarin suna lise a 1990, kafin 1999 da yawansu sun kama aiki, wasu sun yi aure, ke nan tare suka girma da Kotoko.

Ba kowa ne ke yaba labarin ba, musamman a yanzu. Akwai masu ganin bai dace a nuna wa ƴan mata yarinyar da ke bin namijin da ke wulaƙanta ta ba, har a ce ta yi nasara. Masu kare shi kuma suna cewa a sannu-sannu Naoki ne ya canja, shi da ba ya buƙatar kowa ya koyi buƙatar mutum, kuma naci irin na Kotoko ne ya fitar da ita daga ajin F zuwa aikin asibiti. Wannan gardama tana cikin abin da ya sa kowa ke son ganin ƙarshen, don a ga wane irin miji da wane irin uba Naoki zai zama.

Hatsarin ranar ƙaura

A farkon 1999 Kaoru Tada da mijinta da ɗansu suna cikin hidimar ƙaura zuwa sabon gida. Ana cikin wannan hidima ta buga kanta da wani teburin dutse. Jini ya zuba a cikin ƙwaƙwalwarta, ta shiga doguwar suma ta kusan mako uku, ba ta farfaɗo ba. Ta rasu ranar 11 ga watan Maris na 1999, tana da shekara 38. Matar da ta buɗe labarinta da ƙaura daga gida zuwa gida, a wurin ƙaura ajalinta ya same ta.

Inda labarin ya tsaya ya ƙara wa masu karatu zafin rashin. A kashin ƙarshe da ta zana, alamu sun fara nuna cewa Kotoko na iya kasancewa da juna biyu, mutanen gida sun fara zumuɗi, ana jiran tabbaci a fitowa ta gaba. Fitowar da ba ta zo ba ke nan. Kamfanin ya tattara abin da ya rage ya buga littafi na 23, wanda shi ne na ƙarshe, kuma har yau babu wani mai zane da ya ɗora alƙalami ya ci gaba daga shafin da hannunta ya tsaya. Duk wanda ya sayi littattafan nan 23, a wannan wuri zai tsaya kamar yadda mutanen 1999 suka tsaya.

Shekara 9 ana jira

Mutuwar mai labari ba ta kashe kasuwar labarin ba. Tun tana raye, a 1996, gidan telbijin na TV Asahi ya yi wasan kwaikwayo a kansa. Bayan rasuwarta haƙƙin mallaka ya koma hannun iyalinta, kuma da izininsu ne aka yi ta juya labarin a ƙasashe daban-daban. A 2005 ƴan Taiwan suka yi nasu, da Ariel Lin da Joe Cheng a matsayin masoyan biyu, ya karɓu ƙwarai a ƙasashen Asiya har aka yi masa kashi na biyu a 2007. Da masu shirin suka iso inda littafin ya tsaya, sai suka ƙago nasu ƙarshen.

Sai a 2008, shekara 9 bayan rasuwar, aka samu abin da ake jira. Kamfanin TMS Entertainment ya yi fim ɗin zane mai motsi na labarin, kashi 25, aka nuna shi daga watan Afrilu zuwa Satumba. Mijin marigayiyar ya bayyana cewa a cikin wannan shiri ne za a nuna ƙarshen da ita kanta ta tsara kafin ta rasu, a karo na farko. Haka kuwa aka yi. Masu kallo suka ga cikin Kotoko ya tabbata, ta haifi ɗiya mace aka sa mata suna Kotomi, yarinyar ta taso tana rige-rigen samun hankalin uban da uwarta, Naoki mai sanyin fuska kuma ya zama uba mai tausayi.

A lura da yadda aka raba abin. Littafin da ta zana da hannunta an bar shi yadda ta bar shi, ba a cusa masa zanen wani ba. Ƙarshen da ta tsara kuma an ba da shi a wani wuri dabam, an kuma faɗa wa jama'a daga inda ya fito. Mai son ya tsaya inda hannunta ya tsaya yana da littafi, mai son jin yadda ta so a ƙare yana da fim. Kuma duk wannan ya yiwu ne saboda ba ta riƙe ƙarshen labarin a cikin kanta ita kaɗai ba. Ta bar tsarinsa inda na kusa da ita zai iya kai hannu.

Daga nan hajar ta ci gaba da tafiya. A 2010 Koriya ta Kudu ta yi nata mai suna Playful Kiss a tashar MBC, wanda bai samu masu kallo da yawa a gida ba, amma ya yi kasuwa a ƙasashen waje, har aka ƙara masa wasu gajerun kashi a YouTube. A 2013 Japan ta sake yin wani, wanda ya yi farin jini a ƙasar Sin. Tailan ta yi nata a 2015, Taiwan ta sake a 2016, sannan a watan Fabrairu na 2019 aka fitar da fim ɗin sinima da harshen Sinanci. Littattafan kansu an buga fiye da kwafi miliyan 30. A dokar Japan kuwa, tun ƙarshen 2018 haƙƙin mallaka yana ɗaukar shekara 70 bayan rasuwar mai aiki, maimakon 50 na da, ke nan magadan Kaoru Tada suna da iko da aikinta har zuwa 2069.

Yadda wasu suka yi da nasu

Kaoru Tada ba ita kaɗai ce ta tafi ta bar labari a buɗe ba, kuma kowane gida da irin hanyar da ya bi.

Akwai waɗanda aka bar aikinsu yadda yake. Osamu Tezuka, wanda Japanawa ke ɗauka a matsayin uban manga na zamani, ya rasu a watan Fabrairu na 1989 yana da shekara 60, ya bar babban aikinsa Hi no Tori, labarin tsuntsuwar wuta da ya shafe shekaru fiye da 30 yana komawa kansa. Babu wanda ya ƙarasa shi.

Akwai waɗanda tun da ransu suka gina shagon da zai iya tafiya ba tare da su ba. Takao Saito ya fara labarin Golgo 13 a 1968, ya kuma tsara aikinsa kamar masana'anta: wasu na rubuta labari, wasu na zana makamai, wasu na zana gine-gine. Da ya rasu a watan Satumba na 2021 yana da shekara 84, ma'aikatansa suka ci gaba da fitar da labarin bisa ga burin da ya bayyana tun yana raye. Haka ma labarin barkwanci na yaron nan Crayon Shin-chan: mai shi, Yoshito Usui, ya rasu a kan dutsen Arafune a watan Satumba na 2009, a 2010 mataimakansa suka ci gaba, amma suka ƙara kalmar da ke nufin sabo a gaban sunan, don mai saye ya san hannu ya canja.

Akwai kuma waɗanda suka bar wasiyya. Noboru Yamaguchi, marubucin wani labarin soyayya da tsafi mai ban dariya, Zero no Tsukaima, ya kamu da ciwon daji bayan ya fitar da littafi 20 cikin 22 da ya yi niyya. Kafin ya rasu a watan Afrilu na 2013, yana da shekara 41, ya bar wa editocinsa tsarin abin da ya rage har zuwa ƙarshe. Wani marubuci ya rubuta littattafan biyu a kan wannan tsari, suka fito a 2016 da 2017.

Wanda ya fi jan hankalin duniya a ƴan shekarun nan shi ne na Kentaro Miura, mai labarin yaƙi na Berserk da ya fara a 1989. Ya rasu ranar 6 ga watan Mayu na 2021 yana da shekara 54, bayan babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya ta tsage. Ashe tun shekaru kusan 30 da suka wuce ya labarta wa amininsa Kouji Mori, shi ma mai zane, yadda labarin zai tafi har ƙarshe. A watan Yuni na 2022 mataimakan Miura suka ci gaba da zanen a ƙarƙashin kulawar wannan amini, wanda ya yi wa masu karatu alkawarin cewa abin da ya ji daga bakin marigayin kawai zai ba da, abin da bai tuna da kyau ba kuwa ba zai cike shi da nasa ba.

Inda aka samu saɓani

Don a gane nauyin da ƙarshen labari yake da shi a wurin mai shi, sai a dubi abin da ya faru da Hinako Ashihara. Tun 2017 take zana Sexy Tanaka-san a wata mujallar kamfanin Shogakukan, labarin wata ma'aikaciyar ofis ƴar shekara 40, mai kula da lissafin kuɗi, mai kunya, wadda ke rawa bayan an tashi aiki, da wata ƙaramar abokiyar aikinta da ta ɗauke ta abin koyi. A ƙarshen 2023 tashar Nippon TV ta mayar da shi wasan kwaikwayo alhali labarin bai ƙare ba. Ashihara ta bayyana daga baya cewa ta gindaya sharaɗin a bi littafinta sau da ƙafa, kuma kada a yi wa wasan ƙarshen da zai ɓata abin da ba ta riga ta zana ba. Da ta ga rubutun da ake kawo mata yana kauce wa haka, sai ta rubuta kashi biyun ƙarshe da kanta.

A watan Janairu na 2024 ta yi bayanin wannan a intanet, maganar ta zama cece-kuce, ta goge abin da ta rubuta, kuma ranar 29 ga watan aka tsinci gawarta a yankin Tochigi. Tana da shekara 50. Tashar da kamfanin buga littattafan kowanne ya yi bincike ya fitar da rahoto a tsakiyar shekarar, aka kuma buɗe muhawara mai zafi a Japan kan yadda gidajen telbijin ke mu'amala da masu labari. Labarin nata ya tsaya a littafi na 8. Matar da ta yi ta fafutukar kada wani ya ƙarasa mata labari tana raye, ga shi ta tafi ba ta ƙarasa shi ba.

Wa ke da ƙarshen labari?

Idan muka jera waɗannan misalai, za mu ga mutum uku ne ke da haƙƙi a kan labarin da mai shi ya rasu ya bari. Na farko marigayin, wanda sunansa ke bangon littafi, kuma ba ya nan balle ya ce ba haka na so ba. Na biyu magada, waɗanda wannan aiki shi ne gonarsu da rumbunsu. Na uku masu karatu, da suka yi shekaru suna fitar da kuɗinsu wata-wata bisa fahimtar cewa za a kai su ƙarshe. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai dai a nan wanzamin ya riga mu gidan gaskiya, aska kuma ba kowa ya iya riƙe ta kamarsa ba.

Kwaɗayin kamfani a irin wannan hali a fili yake: suna ya riga ya kafu, masu saye suna tsaye da kuɗi a hannu, abu ne mai sauƙi a ɗauko wani ya zana a manna sunan marigayi. Ƴan kasuwa sun san sunan wannan, shi ne zuba wani kaya a buhun wani. A misalan da suka yi kyakkyawan ƙarshe, ko dai an bar aikin yadda yake, ko an ci gaba an kuma faɗa wa mai saye a fili cewa daga shafi kaza hannu ya canja, ga kuma inda aka samo abin da aka ƙara. Da wannan gaskiyar ce sunan Kaoru Tada ya kai shekara fiye da 25 bayan rasuwarta yana ciyar da gidanta, ba tare da masu son ta sun ji an yaudare su ba.

Sauran abin lura shi ne na masu rai. Tada tana da shekara 38, lafiyarta ƙalau, kaya kawai take kwashewa zuwa sabon gida. Abin da ya ceci ƙarshen labarinta, da na Miura, da na Yamaguchi, shi ne kowannensu ya bar wani abu a takarda ko a kunnen amintacce. A kasuwanninmu ma akwai shaguna da rumfuna da yawa da dukan lissafinsu yake cikin kai guda: wa ake bi, wa ke bi, zubin adashi ya kai hannun wa, kayan wa aka ajiye amana a bayan shago. Mun sha ganin yadda iyali ke shiga ruɗani da rigima idan mai irin wannan shago ya faɗi ba shiri. Littafin jaka guda da biro, da mutum ɗaya da aka yarda da shi aka nuna masa inda littafin yake, sun isa su hana wannan. Allah ya sa mu cika da kyau, ya kuma ba waɗanda za mu bari ikon riƙe amana.